Allura a Ƙirjin 'Yar Tsana

A layinmu na Kakuri ba a wucewa da shara ta gaban Mama Damaris a tsira. Kina ɗauko bokiti za ki ji muryarta daga bakin ƙofa: "Vicky, tsaya in gani." Sai ta taso tana ɗingisa ƙafa, ta sa hannu ta tsince marafan kwalba, gwangwanin madara, kwalin sukari, har da silifas ɗin da ya tsinke, sannan ta ce kina iya tafiya. Ni ce Vickyn. Shagon kitso gare ni, bango ɗaya ne tsakanina da ɗakinta, kuma na daɗe ina mata tsiya cewa ita da 'yan bola-jari uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ba ta taɓa jin haushi ba. Cewa take yi su ai a kan sikeli suke ɗora nasu, ita kuwa yara ne ke jiran nata.

Yaran nan su ne duk abin da ta mallaka a duniya, kuma ba ƙara gishiri nake yi ba. Shi ya sa har yau in na tuna abin da ya shiga tsakaninta da su a daminar bara sai in ji zuciyata tana tafasa, in finciki gashin wadda nake wa kitso har ta ce, "Anti Vicky, lafiya?"

An haife ta a wani ƙauye da ke bayan Kachiya, inda ake noman citta. Ta zo Kaduna tana amarya, bayan mijinta Bitrus ya samu aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. A lokacin, in ji ta, idan jiniya ta yi kuka aka tashi daga aiki, kekuna ne ke cika titi har mota ta rasa hanya. Ba a jima ba ita ma aka ɗauke ta a sashen duba yadi. Aikinta shi ne ta tsaya atamfa tana wucewa ta gabanta, in ta ga inda zare ya tsallake ko kala ta zuba, ta sa alama a yanke wurin. Guntayen da ake yankewa ba wanda ya damu da su sai ita. Takan cika jaka ta kawo gida.

'Ya'ya biyu Allah ya ba su, Emma da Diana, kuma dukansu sikila ne. Wanda bai taɓa jinyar mai sikila ba ba zai gane ba. Yaro yana kwance yana jin sa'o'insa suna buga ƙwallo a waje, shi kuwa ko juyi ya yi sai ya yi kuka. A bakin gadon nan ne Mama ta koyi abin da ta iya, ba wanda ya koya mata. So take ta ɗauke hankalin yaro daga ƙashin da ke masa ciwo, sai ta ɗauki ƙyalle ta naɗe ya zama mutum, ta huda gwangwani ya zama mota, ta ce masa riƙe mini nan, ɗaure mini can. Emma bai gama firamare ba ya rasu. Diana ta kai budurwa, har an fara cewa ita kam ta tsallake, sai ita ma ta bi shi. Daga baya masaƙar ta rufe, Baba Bitrus ya koma aikin gadi, hawan jini ya kwantar da shi, shi ma ya tafi. Aka bar Mama da tsohon keken ɗinki, tana facin kaya a baranda. A wajenmu da sunan ɗa ake kiran mace, kuma a da Maman Emma ake ce mata. Da aka lura sunan yana sa ta yin shiru sai aka koma kiranta da sunanta na baftisma.

Ban san ranar da yara suka fara taruwa a wajenta ba, don na zo layin na tarar ana yi. Da an taso daga makaranta an ci abinci, sai ki ga suna silalowa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar kuwa har daga unguwar Nasarawa ake zuwa. Ta shimfiɗa tabarma, ta juye buhun tarkacenta a tsakiya, kowa ya nemi wuri. Gam ɗinta da garin rogo take dama shi a wuta kamar koko, kuma ban ga yaron da bai taɓa lasa ba. Kala kuwa ba ta sayen ko ɗaya: zoɓo ne ja, gawayi baƙi, bular wanki shuɗi, kurkur rawaya. 'Yan ƙananan sai ta ce su tsoma tafin hannu su manna a takarda, ta ƙara wa babban yatsa baki da ido, sai ga kaza. Waɗanda suka ɗan tasa su zura marafan kwalba a waya su yi kacau-kacau, su zo bakin shagona su kaɗa mini har kaina ya ɗauki ciwo. Maza kuwa ba abin da suke so sai mota. Ita ce ke yanka musu tayoyi daga tsofaffin silifas, don ba ta yarda yaro ya riƙe reza ko wuƙa ba. Akwai wanda ya taɓa ƙera Keke Napep da gwangwanin kifi, ya shafe ta da kurkur, har ya maƙala ɗan fasinja a gefen direba.

Ba ta iya yabon ƙarya ba. In tayarka ta karkace za ta ɗaga motar ta duba ta ce, "Wannan ko unguwar Sabo ba za ta kai ba, direba, sake lale." Yaro ya yi fushi, ya kumbura baki, ya zauna ya gyara. In ya gyara kuwa sai ta sa kowa ya tafa masa. Iyaye mata sun ji daɗin abin ƙwarai. Ga kasuwa, ga girki, ga kuma mai riƙe miki yaro har yamma ba ko sisi. Ba wadda ta taɓa zuwa ta zauna ta ga abin da ake yi a barandar nan, tunda an rage mata hayaniya.

Abin da 'yan mata suka fi so shi ne 'yar tsana, kuma a nan ne Mama take da tsarinta. Da can faɗa ake yi, wannan ta ce tata ce, waccan ta ce tata ce. Sai ta kafa doka: duk mai son 'yar tsana ta kawo tsohuwar rigarta da ta yi mata kaɗan, da ita za a yi wa bebin riga, kowa ta gane tata. Gashi kuma daga shagona yake fitowa. In na tsefe wa yarinya tsohon attach, wato gashin roba da ake ƙarawa a kitso, ba ta barin in zubar, sai ta ƙunshe abinta ta kai wa Mama. Manyan cikinsu takan ba su allura su yi ɗinki a gabanta, idonta a kansu. In lokacin tashi ya yi ba a gama ba, ba yarinyar da ke tafiya gida da allura. Mama za ta karɓa ta soke ta a ƙirjin 'yar tsanar, don nan ne auduga ta fi yawa, tsinin ba zai ɓullo ta baya ya soki kowa ba, sai ta ajiye a kwano a kan taga. Duk wadda ta taɓa riƙe zare ta san haka ake yi.

Abigail tana cikin masu ɗinkin duk da ƙanƙantarta. 'Yar shekara shida ce, siririya, ba ta da surutu, kuma in tana aiki sai ta fito da harshe gefe. Ubanta Tony direban Keke Napep ne, uwarta Celina tana sayar da tumatir a kasuwa. Kafin Abigail sun taɓa binne jariri, kuma tun daga nan Celina ba ta sake samun natsuwa ba. Ko atishawa yarinyar ta yi sai ta taɓa goshinta. Abigail kuwa ta manne wa Mama, Kaka take ce mata, kuma sau da yawa sai an zo an ɗauke ta a kan tabarma tana barci.

Wata Asabar ruwa ya dake ta a hanyar dawowa daga aike. Ta zo baranda duk da haka, ta zauna tana ɗinka wa bebinta hannu, sai Mama ta ga tana rawar sanyi. Ta karɓi ɗinkin, ta soke allurar inda ta saba, ta ce, "Je gida, sai kin warke mu ƙarasa." Ta raka ta har ƙofa.

Zazzaɓi ya kama ta, tari ya biyo baya. Celina ta sayo magani a kemis, bai yi ba, ta sake sayo wani. Yarinya ta fara riƙe ƙirji tana cewa wani abu yana sukarta in ta ja numfashi. Maimakon asibiti, wata ƙawar Celina ta kai ta wajen Fasto Clinton. Wannan wani saurayi ne da ya kama shago ya sa lasifika ya ce majami'a ce, kuma har yau ban ji cocin da ya naɗa shi ba. Ya ɗora hannu a kan yarinyar, ya rufe ido, ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, ɗaure ta aka yi. Ya ce akwai wani abu na jikinta a ɗakin wani, kuma ba nesa ba. Don Allah wace yarinya ce a Kakuri ba ta da wani abu nata a ɗakin maƙwabta? Amma Celina ta dawo gida da maganar a ranta.

Washegari da safe Abigail ta fara kuka tana cewa a kawo mata bebinta. Celina ta zo wajen Mama, idonta duk ya faɗa. Ina shago ina jin su.

"Mama, ina kwana. Abigail ce ta dame ni, wai bebinta."

"Ayya, yaya jikin nata? Shiga ki ɗauka, 'yata, tana cikin kwano a kan taga. Kawo mini nan tukuna in..."

Ba ta ƙarasa ba muka ji ihu. Celina ta fito da gudu, ta riƙo 'yar tsanar ta ƙafa kamar ta riƙo mataccen ɓera.

"Jama'a ku zo ku gani! Jesus! Ku zo ku gani!"

Kafin ki ce me, layi ya cika. Mama ta miƙe daga kan keken ɗinki, ba ta ma gane abin da ke faruwa ba.

"Maman Abigail, mene ne? Kunama ce?"

"Wannan rigar waye? Rigar 'yata ce! Wannan gashin waye? Gashinta ne! Ina take cewa yana mata ciwo? Nan! Daidai nan!" Ta nuna allurar da ke tsaye a ƙirjin abin, zare yana lilo. "Mama, me na yi miki? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Allura ce fa," in ji Mama. "Hannun ne ba mu gama ba."

Na fito da mataji a hannu, na ratsa mutane. "Celina, kanki ɗaya kuwa? Gashin nan ni na tsefe shi da hannuna. Attach ne, roba ce, ke kika sayo shi a kasuwa! Rigar kuma ba ke kika ba ta ta kawo ba? Abeg ki dawo hayyacinki."

"Vicky, no put mouth for this matter, kada ki sa baki. Ba ki taɓa binne ɗa ba."

Na ce su shiga su duba kwanon, akwai wasu 'yan tsanar. Da na sani da ban faɗa ba, don wata ta shiga ta fito da kwanon, aka ga guda biyu da allura a ƙirji. Uwar ɗaya daga cikin yaran ta gane rigar 'yarta, ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, alhali 'yar tata tana tsaye a gefenta lafiya lau tana cin masara. Sai wata murya daga baya, ban ga mai ita ba kuma gara da ban gani ba, ta ce, "To ina 'ya'yanta biyu? Ina mijinta?"

Mama ta nemi kujerar kekenta da hannu, ta zauna a hankali. Na san matar nan shekara da shekaru, ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Mutanen da ta yi wa 'ya'yansu raino, waɗanda suka san yadda sikila take, waɗanda wasunsu sun je jana'izar Diana sun ci shinkafa, su ne suka tsaya suna kallonta suna ja da baya. Daga nan aka fara faɗin kalmar a fili: mayya.

Da rana kowace uwa ta shiga ɗaki ta kwaso abin da ɗanta ya taɓa kawowa daga baranda. Motoci, kacau-kacau, kajin takarda da aka liƙa a bango, duk aka tara a tsakiyar layi. Yara suna kuka suna riƙe kayansu, ana marinsu ana ƙwacewa. Fasto Clinton ya iso da farin kwat da kwalbar man zaitun. Ya yi ta tsalle yana ihu da Turanci, sannan ya naɗe hannunsa da hankici ya zare allurar daga ƙirjin bebin Abigail, ya ɗaga ta sama, mata suka ɗauki "Haleluya". Ya juya wajen Mama ya ce ta tuba ta faɗi gaskiya a gaban jama'a.

Mama ta dube shi, ta dubi hannunsa. Ta ce, "Ɗana, kada ka jefar da ita a ƙasa. Ba ni nan. Yara suna yawo ba takalmi."

"Kun ji ko?" in ji shi. "Tana so a mayar mata da kayan aikinta!"

Aka zuba kananzir aka kunna. Warin roba ya cika layin. Ni dai na tsaya a bakin shagona ina zagin duk wanda idona ya faɗa kansa, har muryata ta dishe, ba wanda ya kula ni.

Ana cikin haka Tony ya dawo daga aiki. Bai tsaya wajen wutar ba. Ya shiga ɗaki ya ga yadda haƙarƙarin 'yarsa yake shiga yana fita, ya saɓo ta a kafaɗa, ya sa ta a keke, ya daka wa matarsa tsawa ta shigo, suka nufi asibiti. Aka ba su gado nan take.

Da yamma ya dawo ɗaukar bokiti da zannuwa, mata suka kewaye shi suna tambaya. Bawan Allah ya gaji, ya ce, "Likita ya ce ƙwaya ba za ta yi ba, magana ce ta allura." Abin da ya faɗa ke nan, ina wurin. Allurar da nas za ta yi mata yake nufi, wadda ake ɗurawa ta jijiya. Amma kafin gari ya waye labari ya zaga Kakuri cewa har likita ya duba ya ce maganar allura ce. Wata ta zo shagona ta rantse mini cewa an ga tsinin a hoton ƙirji. Na ce ta tashi ta bar mini shago da rabin kitso a kanta.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Dattawan cocin Mama suka zo, mutanen kirki ne, suka zauna suka yi addu'a, suka ce su kam ba su yarda da wannan magana ba. Amma suka ce ta yi haƙuri ta ɗan dakata da tara yara har abin ya lafa. Dakatar da me? Ba yaron da ya rage. Ranar Lahadi ta ɗaura zanen zumuntar mata ta tafi sujada kamar kullum, kuma na ji an ce bencin da ta zauna ya yi fili hagu da dama. Masu kawo faci suka ɗauke ƙafa. Wasu suka aiko a karɓo musu kayansu ba a ɗinka ba. In za a wuce ƙofarta da yaro sai a ja shi a koma ɗaya gefen kwata.

Ita kuwa da an yi la'asar sai ta fito ta shimfiɗa tabarmar, don jikinta ya saba. Ta zauna a gefe, in an jima ta naɗe ta shiga da ita. Na fito da shara da gangan na wuce ta gabanta, gwangwanaye a sama, ba ta ce in tsaya ba. Wannan ya fi komai ɓata mini rai.

Tambaya ɗaya take yi mini kullum da safe: "Kin ji labarin Abigail?" Wata rana ta dama kunun gyaɗa, ta zuba a fulas ta ce in kai asibiti, kada in ce daga wajenta yake. Na kai. Celina ta dubi fulas ɗin ta gane shi, ta ɗauka ta fita ta juye a kwata. Na so in yi mata tas, sai na ga yarinyar a kwance da robar iska a hanci, na ga Celina ta rame kamar ita ce mai ciwon, sai na haɗiye. Tony ya raka ni bakin ƙofa. Ya ce namoniya ce, wato ciwon huhu, likita ya faɗa masa da baki.

"To ka faɗa wa mutane mana!"

"Anti Vicky, na faɗa. Wa zai ji? Ita kanta madam in na fara sai ta ce ni ma an shanye ni. Make the pikin well first, yarinya ta warke tukuna."

Da na dawo Mama ta tambaye ni ko yarinyar ta sha kunun. Na ce tana barci.

Ban cika addu'a ba, kowa ya sani, amma a kwanakin nan na yi. Lissafina shi ne in Abigail ta warke a asibiti, da magani, a gaban kowa, to magana ta ƙare. Za su ji kunya, su zo su ba Mama haƙuri, in samu abin yi musu gori har ƙarshen rayuwata, yara su dawo. Na ma fara tara wa Mama sabon gashi a leda.

Abigail ta warke. Aka sallame su, Tony ya kawo su gida, mata suka fito da guɗa. Ranar Lahadi Celina ta je majami'ar Fasto Clinton ta ba da shaida a lasifika, muna ji daga layi. Ta ce ranar da bawan Allah ya zare allurar nan, a ranar numfashin 'yarta ya fara dawowa. Kuma ba ƙarya ta yi ba, ranar ce. Ita ce dai ranar da nas ta fara yi mata allura. An zare wata an soka wata a yini ɗaya, mutanen layinmu suka zaɓi wadda suke so. Waɗanda a da suke shakka ma yanzu suka sakankance. Wata dattijuwa da nake ganin girmanta ta ce mini, "Vicky, ni ma da ban yarda ba, amma ai ga shi yarinya ta tashi." A nan na gane cewa warkewar da na yi ta roƙo ita ce ta gama da Mama. Na ji tsoro, na kuma ji kunyar tunanin da ya zo mini a lokacin, don har na fara auna da abin ya tafi ɗaya hanyar, yarinyar ba ta tashi ba, me za su ce.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, ina zaune a barandar Mama ina tsefe wani tsohon wig don kada ta zauna ita kaɗai. An bar Abigail ta fara fita. Suna wasan guje-guje da wasu yara a can ƙarshen layi, aka biyo ta, ta taho a guje ba ta duba inda take zuwa ba, sai ga ta tsaye daidai bakin baranda. Ta ɗago kai suka haɗa ido da Mama.

Na ga ƙafarta ta ɗaga kamar za ta hau, yadda ta saba. Mama ba ta motsa ba, ba ta miƙa hannu ba. A hankali ta ce, "Abigail, kin warke?"

Yarinyar ta tsaya. Sai ta dafe ƙirjinta da hannu biyu, yadda aka koya mata, ta buɗe baki da iyakar ƙarfinta ta ce, "Jinin Yesu! Jinin Yesu!" Ta juya ta zura da gudu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na cire takalmi ɗaya na riƙe, na ce yau sai na shiga ɗakin Celina, duk abin da zai faru ya faru. Yarinyar da ta yi barci a cinyar matar nan, ita aka koya wa wannan? Ina faɗa ina kuka. Sai na ji an riƙe mini bakin zane.

"Vicky, zauna."

"Mama, ba ki ji abin da ta ce ba?"

"Na ji." Ba ni take kallo ba. Idonta yana kan yarinyar, wadda ta tsallake kwata, ta kauce wa mai baro, ta miƙe layi ba ta ko waiwayo. Hawaye yana bin fuskar Mama, ba ta share ba. "Kin ga gudun kuwa? Yarinyar da aka fitar a kafaɗa. Duba fa, Vicky, ko haki ba ta yi. Nawa biyun ba wanda ya taɓa yin gudu haka."

Ta ci gaba da kallo har Abigail ta sha kwana.